4.3 Matsayin Masoyi a Dandalin Wasa: Waƙoƙin Haruna Uji Tsakanin Kaset da Fage

A sassan da suka gabata na wannan babi an yi nazarin turke da salon wasu waƙoƙin Alhaji Haruna Uji ta hanyar amfani da matanin da aka juyo daga kaset. Wannan ita ce hanyar da mafi yawan ɗalibai suke bi, domin ita ce mai sauƙi, kuma ita ce take ba mai nazari damar maimaita sauraron ɗan waƙa sau da yawa har ya tabbatar da kalmominsa. To amma akwai tambayar da ya kamata a tsaya a kanta kafin a yanke hukunci a kan fasahar wannan makaɗi, wato shin abin da yake cikin kaset shi ne waƙar, ko kuwa rerawa ɗaya ce kawai daga cikin rerawa masu yawa? Mutumin da ya fi dacewa ya taimaka wajen amsa wannan tambaya shi ne masoyin makaɗin, wanda ya haddace kaset, sannan kuma ya je ya zauna a gabansa ya ga wasa da idonsa.

An haifi Haruna Uji a garin Haɗeja a shekarar 1946, ya kuma rasu a shekarar 2003. Ya yi suna ne da kiɗan gurmi, kuma waƙarsa ta Jummai tana cikin waƙoƙin soyayya da suka fi yaɗuwa a ƙasar Hausa. Idan aka bi irin rabe-raben makaɗa da Sa'idu Muhammad Gusau ya yi a ayyukansa, za a sa shi cikin makaɗan jama'a da na sha'awa, waɗanda ba su da ubangida ɗaya kamar makaɗan fada. Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da za a tattauna a nan, domin makaɗin da ba shi da ubangida ɗaya, duk wanda ya zo dandali ubangidansa ne na wannan dare. Shi kuma gurmi, abin kiɗa ne da ake yi da ƙoƙo a rufe shi da fata, a sa masa sanda da tsirkiya, kuma amonsa bai kai na kalangu ko ganga ƙarfi ba. Saboda haka mai son ya ji shi sosai sai ya matso kusa, ko da kuwa an sa lasifika.

Yawancin masoyan Uji ba a dandali suka fara saninsa ba. Sun fara jin muryarsa ne a rediyo, musamman Rediyon Kaduna da Rediyon Kano, daga baya kuma suka mallaki kaset. Kaset ɗin da aka fi amfani da shi minti talatin yake ɗauka a kowane gefe, don haka dole waƙa ta shiga cikin wannan iyaka ko a datse ta. Masoyi yakan saurari wannan rerawa ɗaya sau ɗari, har ya san inda makaɗin yake jan numfashi, da inda yake barin gurmi ya yi magana shi kaɗai. A wurinsa wannan ita ce waƙar, kuma da ita a kansa yake tafiya dandali.

Cikin mutanen da aka yi hira da su domin wannan aiki akwai wani dattijo, tsohon direban motar ɗaukar kifi daga yankin Guri da Kirikasamma zuwa kasuwar Haɗeja, wanda ya ce kaset ɗin Uji ba ya fita daga rikodar motarsa a shekarun ƙuruciyarsa. Ya bayyana cewa ranar da ya fara ganin wasan makaɗin a wani taron biki, ya samu wuri a gaba, ya shirya zai riƙa bin waƙar da baki kamar yadda ya saba a mota. Da aka ɗauko waƙar da ya fi so sai ya ga gindinta yana nan yadda ya sani, kiɗan ma shi ne, amma ɗiyan ba su zo a jeren da ya haddace ba. Wasu an tsallake su, wasu kuma bai taɓa jin su ba. A cewarsa da farko abin bai yi masa daɗi ba, ya ji kamar an taɓa masa kayansa. Sai da dare ya yi nisa, ya tashi ya yi liƙi, aka faɗi sunansa da sana'arsa, ya ji an saka su cikin waƙar nan take, sannan ya daina neman kaset a bakin makaɗin. Abin lura a bayanin wannan dattijo shi ne, bayan shekaru masu yawa ya manta sunan ango, ya manta nawa ya liƙa, amma ya iya kwatanta yadda yatsun makaɗin suke tafiya a kan tsirkiya, da yadda yake ɗaga kai ya dubi mutum kafin ya ambace shi.

Wannan bayani yana nuna cewa a dandali masoyi yana da hannu cikin ginin waƙa. Shi ne yake neman a ɗauko waƙa kaza, shi ne yake sa a tsawaita ta idan ya tashi rawa, kuma kuɗinsa ne yake sa a tsai da kiɗa a yi shela. Haka kuma sowar mata da guɗa, ko shirun da jama'a suka yi a wani ɗa, su ne suke gaya wa makaɗi abin da zai maimaita da abin da zai bari. Ke nan abubuwan da ba su sauyawa su ne gindin waƙa da karin muryarta da amon kiɗa. Ɗiya kuwa kamar tubala suke a hannun magini, yakan ɗauki wanda ya dace da wurin. Wannan ba ga Uji kaɗai ya tsaya ba. Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an ɗauke ta a lokuta daban-daban, kuma duk wanda ya jera waɗannan ɗauka zai ga ba su zo daidai da juna ba. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazarin digirinsa na uku a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma. Bambancin da yake tsakanin makaɗan biyu a nan shi ne, Shata yana da taron makaɗan kalangu da 'yan amshi waɗanda suke riƙe masa waƙa yayin da yake shirya ɗa na gaba, shi kuwa mai gurmi hannunsa yana kan kiɗa bakinsa yana kan waƙa a lokaci guda, ga kuma ido yana kan masu tasowa.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan batun liƙi, domin a ƙasar Haɗeja yana da alaƙa da ruwa. Arzikin talakan wannan yanki a fadama yake: shinkafa, da kifi, da noman rani na tattasai da albasa da alkama. Bukukuwa sukan yawaita ne bayan kaka, lokacin da ruwa ya janye aka kama kifi, aka kuma kai amfani kasuwa. A lokacin ne aljihun manomi da masunci da direba yake da nauyi. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin malalar kogin Haɗeja ya sauya, daga baya kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Duk shekarar da fadama ta ƙi, dandali ma yakan ji a jikinsa. Don haka tsawon waƙa a fage, da yawan sunayen da suke cikinta, suna iya zama shaida a kan halin da garin yake ciki a wannan kaka.

Sai dai a ra'ayin mai wannan nazari, bai kamata a ɗauka cewa duk abin da masoyi ya kawo cikin waƙa alheri ne ga waƙar ba. Waƙar soyayya tana buƙatar a bi turkenta a hankali, daga yabon masoyiya zuwa bege zuwa kukan rabuwa, har mai sauraro ya nutse. Idan masu liƙi suka yi layi, kowa yana son a ambace shi da mahaifinsa da garinsu, sai zaren tunanin ya tsinke, ƙaramin turke na yabo da godiya ya danne babban turke. A irin wannan hali waƙar takan koma jerin sunaye da aka rataya a jikin gindi. Wanda aka ambata yana jin daɗi, amma wanda ya zo domin waƙar kanta ya yi hasara. Ta fuskar zubi da tsari, rerawar da aka ɗauka a ɗakin rediyo, inda babu mai katse makaɗi, ta fi ɗaurewa, kuma ta fi sauƙin karewa a gaban mai nazari. Ta fuskar kaifin basira kuwa, wato iya ɗaukar sunan baƙo da ba a taɓa ji ba a zaunar da shi cikin kari ba tare da ya yi tuntuɓe ba, wannan sai a fage ake ganinsa, kaset na ɗaki ba zai nuna shi ba.

Akwai kuma buƙatar yin hattara da shaidar masoyi kanta. Masoyi ba alƙali ba ne. Mutumin da aka ambaci sunansa a gaban jama'a yana saurayi, da wuya ya yarda cewa wasan wannan dare yana da aibu, balle yanzu da makaɗin ya rasu, ga shi kuma ƙuruciyar ta wuce. Saboda haka a wannan aiki an karɓi bayaninsu a kan abin da ya faru, kamar yadda ake zama, da yadda ake neman waƙa, da yadda ake tsai da kiɗa, amma ba a dogara da hukuncinsu a kan wace rerawa ta fi wata kyau ba. Duk da haka ba za a iya yin watsi da su ba, domin Uji ya rasu kafin wayoyin hannu masu ɗaukar hoto su yaɗu a hannun jama'a, kuma mafi yawan wasanninsa na bukukuwa ba su da wata ma'ajiya sai ƙwaƙwalwar waɗanda suka halarta, waɗanda su ma shekaru sun fara ja musu.

Wannan dalili ne ya sa a matanin waƙoƙin da aka yi amfani da su a wannan kundi aka nuna a saman kowace waƙa ko a ɗaki aka ɗauke ta ko a taro. A waɗanda aka ɗauka a taro ba a cire ɗiyan godiya ga masu liƙi ba, kamar yadda wasu masu juyar waƙa suke yi da nufin tsabtace matani, an kuma sa alama a duk inda kiɗa ya tsaya aka yi shela, da inda guɗa ta rufe muryar makaɗin har kalma ta ɓace.