Bishop Colenso da Littattafan Musa: Nazari a Kan Hujjar Lissafi

A wannan takarda za mu duba littafin da John Colenso, Bishop na Natal a Afirka ta Kudu, ya fitar a 1862 game da littattafan Musa biyar da na Joshuwa. Tambayarmu ita ce: ko Kirista na iya cewa wani sashe na Littafi Mai Tsarki bai auku yadda aka rubuta ba, ya kuma zauna cikin addininsa?

Asalin maganar aikin fassara ne. Colenso na cikin juya Littafin Farawa zuwa harshen Zulu, sai mataimakinsa William Ngidi ya tambaye shi ko da gaske ya yarda jirgin Nuhu ya ɗauki kowane irin dabba da abincinta. Ya kasa ce masa i, kuma mun yaba masa da bai yi ƙarya ba.

Amma a ganinmu ya raunana hujjarsa da lissafi, da yake fanninsa ke nan tun farko. Ya ɗauki mazaje 603,550 da Littafin Ƙidaya ya ambata, ya auna farfajiyar alfarwa ta sujada, ya nuna ba za ta ɗauke su ba. Lissafin ya fita, to amma ya karanta labarin tamkar rajistar haraji, watau ya yarda da abokan hamayyarsa cewa darajar nassi tana ga adadinsa.

Bishop Gray na Cape Town ya tsige shi a 1863. Kwamitin shari'a na Majalisar Sarauniya a Ingila ya soke tsigewar a 1865, bisa dalilin cewa Gray ba shi da iko a kansa, ba tare da ya taɓa tambayar Ngidi ba.