Tauri da Gaskiyar Wuƙa: Nazari Kan Kare Kai a Titunan Yamai

Tauri tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, daga Katsina har Maraɗi da Damagaram. Ɗan tauri shi ne wanda ya sha magani, ya yi wanka da shi, ya ɗaura guru da kambu, har ake cewa ƙarfe ba ya cinsa. Akwai kuma 'yan'uwan taurin: sagau, wanda aka ce yana sa hannun maharin ya mutu kafin ya sauke sara, da kau-da-bara, mai karkatar da makami. Yamai garin Zabarmawa ne tun asali, amma mahauta da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani Hausawa sun cika ta, kuma zancen maganin ƙarfe ba baƙo ba ne a fadojin samari inda ake kwana ana dafa shayi. Yanzu da ƙwacen salula ya zama abin da ake kuka da shi a birnin, ya kamata a tambaya: wannan gadon yana tsare rai, ko yana jefa shi cikin haɗari?

A fara da filin wasan. Makaɗi ya saki ganga, tsuma ta kama ɗan tauri, ya yi kirari, ya zaro wuƙa. Ya ɗame ciki, ya yi ta goga ta a kai, ya kai ta wuya, ya kai ta harshe, wani ma ya lanƙwasa ta da hannu ya yar. Jama'a su ɗauki sowa. Mai kallo da natsuwa zai lura da abu uku. Wuƙar tasa ce, ya san kaifinta. Hannun da ke riƙe da ita nasa ne ko na abokin wasansa. Sannan goga ce ake yi, a wurin da ya zaɓa, a lokacin da ya shirya. Ɗan ƙwacen da ya tare mutum a lungun Boukoki ko bayan kasuwar Katako ba ya bin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tsini yake kaiwa, sau da yawa a jere, a cikin duhu.

Abin da ya sa imanin bai taɓa girgiza ba shi ne sharuɗɗan da aka kewaye shi da su. In wuƙa ta ci mai magani, amsa a shirye take: ya karya sharaɗi, ko ya ci abin da aka hana shi, ko an shafa wa wuƙar makari. Wanda ya tsira ya zama shaida, wanda ya mutu kuwa laifinsa ne. Ta haka magani ba ya taɓa faɗuwa jarrabawa, mai shi ne kullum yake faɗuwa.

Masu ganin sun waye sukan yi wa tauri dariya, su dogara da horo. Nijar tana da abin alfahari a nan. Tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta cin takobi a Tawa, ƙasar ke fitar da zarata irin su Issaka Issaka na Dosso. A takwando kuma Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo lambar azurfa daga gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Sai dai duk waɗannan wasanni ne masu alƙali da doka da lokacin tsayawa. Ɗan kokawa ya saba ya rungumi abokin karawarsa, ƙirji da ƙirji, kuma wannan kusancin shi ne abin da mai wuƙa yake nema. Bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp, inda malami ke kama wuyan hannun ɗalibi ya murɗe ya ƙwace wuƙa, tauri ne a sabuwar riga: ɗalibin ya kai suka ɗaya a hankali, ya tsaya yana jira a kayar da shi.

A 1983 wani ɗan sanda a birnin Salt Lake na Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21, wato mita 6 da 'yan kai, cikin kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi, daidai lokacin da ɗan sanda ke buƙata ya zaro bindiga ya harba. A ranar 6 ga Satumba 2018 aka soki Jair Bolsonaro a ciki yana yaƙin neman zaɓe a Birazil, masu tsaronsa na kewaye da shi. Suka ɗaya ce, amma ta huda hanji, kuma ya shafe shekaru ana yi masa tiyata. In haka ta faru ga mai dogarai, ina ga ɗalibin da ke tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda bayan isha'i?

Jikin ɗan Adam bai san jarunta ba. Sau da yawa wanda aka soka yakan ɗauka naushi ne, sai ya ga riga ta jiƙe. In ya kai hannu ya tare, jijiyoyin yatsu ne ke tsinkewa, hannun ya kasa damƙa. In aka sami babbar jijiyar jini ta cinya ko ta wuya, mintoci kaɗan sun isa, tun kafin a kai shi Babban Asibitin Ƙasa. Mai yawo da tasa wuƙar don tsaro kuwa ya ƙara wa faɗan makami ne, ƙarshensa ko kabari ko gidan kaso.

Magabata da suka bar mana tauri su ne kuma suka ce in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Ba sai an binne wasan tauri ba. Kiɗansa da kirarinsa gado ne da ya cancanci fili ranar salla. Illar tana zuwa ne in saurayi ya fita da shi titi, ya tsaya inda ya kamata ya ruga.

Don haka, mai karatu, in an nuna maka wuƙa an ce kawo salula, jefa ta ƙasa ka ja baya. In akwai hanya, ka gudu kana kururuwa ka nufi haske da jama'a. In an rutsa ka, sa wani abu tsakaninka da mai wuƙar, benci ko moto ko jaka. In ka tarar da wanda aka soka, ka danne raunin da tsumma da ƙarfi, kada ka zare wuƙar in tana jiki, kada a zuba toka ko ƙasa, a kira lambar gaggawa 18 ko 17 nan take. Iyaye da malamai su ma su daina kiran wanda ya gudu matsoraci. Ana sake sayen salula a kasuwa, rai kuwa ɗaya ne.