Gargaɗin da Alƙali Ke Yi wa Kansa

Wata safiya cikin damina na zauna a bencin baya na wata kotu a jiharmu, ina ɗalibi mai neman abin rubutawa. Yarinya ce a akwatin shaida, shekarunta ba za su wuce goma sha biyar ba, ta ja mayafi har kan gira. Lauyan gwamnati ya tambaye ta abin da wanda ake tuhuma ya yi mata. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Ya ɓata ni." Tafinta ya juya maganar zuwa Turanci da kalmar da ake faɗa wa nonon da ya kwana ya lalace. Alƙali ya rubuta. Duk Bahaushen da ke ɗakin ya gane abin da ta faɗa, amma a takarda ba ta faɗi kome ba tukuna, domin sashe na 282 na Kundin Penal Code saduwa yake nema a tabbatar, kuma kalmar da ta shiga littafi ba ta nuna saduwa.

Daga ranar na fara karanta hukunce-hukuncen fyaɗe yadda aka koya mana karanta ƙagaggen labari: wa ke magana, wa aka ba baki, wace jimla ce ke dawowa. Na kuwa sami jimlar da ke dawowa.

A Amurka da Ingila, idan an gama sauraron shaidu a babban laifi, alƙali kan juya ga juri, wato mutanen gari, galibi goma sha biyu, da aka zaɓo don su yanke ko an aikata laifin. Yakan karanta musu umarni: ga ma'anar laifin, ga wanda nauyin hujja ke kansa, ga irin kokwanton da ke wanke mutum. Mu a Jigawa ba mu da juri. A Babbar Kotu da ke Dutse alƙali ɗaya ne ke auna shaida, shi ne kuma ke fassara doka. Ko a kotun alƙali ta gargajiya, muhuti shawara kawai yake bayarwa. Sai dai rashin juri bai hana umarnin zuwa mana ba. Da ya iso bai tarar da mutum goma sha biyu ba, sai ya koma kan alƙalin: yakan rubuta a cikin hukuncinsa cewa ya gargaɗi kansa game da haɗarin kama mutum da laifi bisa maganar mai ƙara ita kaɗai, ba tare da wata hujja mai ƙarfafa ta ba. Wannan gargaɗi shi ne matanin da nake son in yi wa tarke.

Asalinsa sananne ne. Sir Matthew Hale, babban alƙalin Ingila da ya rasu a 1676, ya bar littafi kan manyan laifuffuka wanda aka buga a 1736. A ciki ya ce zargin fyaɗe abu ne mai sauƙin yi, mai wuyar tabbatarwa, wanda kuma kare kai daga gare shi ya fi wuya ko da mutum ba shi da laifi. A matsayin gini, jimlar ta ƙayatar: hawa uku ce, kowane hawa ya fi na ƙasa tsawo, kuma tana ƙarewa a kan mutumin kirki da aka zalunta, yadda hotonsa ne zai zauna a zuciyar mai sauraro. Macen tana hawa na farko, inda ake zargi cikin sauƙi, daga nan ba a sake ganinta. Ina zaton daɗin faɗi ne ya raya jimlar kusan shekara ɗari uku, domin babu wata ƙididdiga da Hale ya kafa ta a kai. Shi ne dai alƙalin da ya jagoranci shari'ar maita a Bury St Edmunds a 1662, aka rataye mata biyu. A can bai ga sauƙin zargi ba. Kuma daga alƙalaminsa ne ra'ayin cewa miji ba ya yi wa matarsa fyaɗe ya yaɗu a dokar Ingila, har sai da Majalisar Iyayengiji ta soke shi a 1991, alhali ƙaramin sashe na biyu na sashe na 282 namu yana nan da kwatankwacinsa.

Mu ɗauki hawa na farko mu ɗora shi a ƙasarmu mu gani ko zai tsaya. Wai zargi mai sauƙin yi. Uwar da ke wani ƙauye a Miga ko Buji ko bayan Gwaram, wadda ta ga 'yarta ta dawo daga talla tana ɗingishi, me ke gabanta? Abu na farko da hannunta zai yi shi ne ɗora ruwan zafi ta gasa yarinya, ta wanke zanen, domin haka uwa take yi, kuma da wannan tausayi hujjar likita ta tafi. Sannan dangi su taru. Wani ya ce a rufa asiri saboda auren yarinya gobe, wani ya ce a kai wa mai unguwa a yi sulhu, musamman idan wanda ake zargi maƙwabci ne ko ɗan'uwa ko mai hali. Idan uban ya dage, ga kuɗin mota zuwa ofishin 'yan sanda, ga na zuwa cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a Babban Asibitin Dutse, ga na zuwa kotu duk ranar da aka ɗage. Kowane mataki yana zubar da ƙararraki kamar rariya. Wadda ta iso akwatin shaida ta riga ta biya sunanta da na gidansu. Ban ce ba a ƙarya ba. Ana yin ta a fyaɗe kamar yadda ake yin ta a sata da rikicin gona. Amma ba a taɓa cewa alƙali ya gargaɗi kansa a kan duk masu ƙarar satar akuya ba.

Ƙasashen da suka haifi gargaɗin sun yi watsi da shi. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta hana karanta wa juri maganar Hale a 1975. Ingila ta soke wajabcin gargaɗin da dokar 1994. Afirka ta Kudu ta bi a 1998, kuma a 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kenya, a shari'ar Mukungu, ta ce neman ƙarin hujja a kan mata kawai wariya ce da tsarin mulki bai yarda da ita ba.

Namu tafiyar rabi ce. A 2001, a shari'ar Iko, Kotun Ƙolin Nijeriya ta soke hukuncin fyaɗe bisa rashin hujja mai ƙarfafa maganar mai ƙara. Dokar Shaida ta 2011 ta zubar da tsohon sashen da ya wajabta irin wannan hujja a wasu laifuffukan lalata, ta kuma hana, a sashe na 234, a tone wa mai ƙara tarihin mu'amalarta da wasu maza sai da izinin kotu. Wannan ci gaba ne na gaske. Duk da haka mai karanta hukunce-hukunce zai ci gaba da cin karo da salon nan mai harshe biyu: doka ba ta wajabta ƙarin hujja ba, amma ana son a same ta, kuma akwai haɗari a hukunta ba tare da ita ba. Abin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Ɗalibin adabi zai lura da yadda jimlar ta ɓoye mai aikatawa: ana so, ba a faɗi mai so ba, akwai haɗari, ba a faɗi a kan wa ba. Haɗarin sakin mai laifi ya koma unguwar da yarinyar take ba ya cikin lissafin jimlar. Ga kuma sashe na 209, wanda ya ce yaron da bai kai shekara goma sha huɗu ba ba a rantsar da shi, kuma ba a kama mutum da laifi bisa shaidarsa sai da ƙarfafawa. Wanda ke sauraron labaran kotu a rediyon jihar nan ya san yawancin waɗanda ake ambata ƙananan yara ne, don haka a nan sashen ya fi ciwo.

Kada a ɗauka ina kira ne a daina taka-tsantsan. Dutse tana da labarin da ya isa ya hana ni. A 2002 wata kotun Shari'a a garin nan ta yanke wa Sarimu Muhammad Baranda hukuncin jifa bisa yi wa yarinya 'yar shekara tara fyaɗe. Ya amsa laifi da bakinsa, ba shi da lauya. A Agustan 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta soke hukuncin saboda taɓin hankali, ta ce a kai shi asibiti. Abin lura shi ne inda kuskuren ya kwanta. Ba a bakin yarinyar yake ba. Yana cikin iƙirarin mutumin da ba a binciki hankalinsa ba. Gargaɗin Hale, da ya kafa ido a kan mace, ba zai taɓa hango wannan rami ba. Kuma tun da Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a da ta kare yara a 2021, hukuncin fyaɗe a Jigawa ya kai har kisa. Inda rai ke kan gargara dole alƙali ya ji tsoro, kuma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya riga ya ba wanda ake tuhuma rigar rashin laifi. Tambayar ita ce ina za a dosa da tsoron: ga raunin wannan shaida da ke gabansa, ko ga jinsin mai ba da ita tun kafin ta buɗe baki?

Fiƙihunmu ma bai kuɓuta daga tarken ba, ko da yake ta wata hanya ya bi. A Muwaɗɗa, macen da ba ta da aure aka gan ta da ciki ta ce tilasta ta aka yi, ana neman alamar da za ta gaskata ta, kamar ta zo jina-jina ko ta yi kururuwar neman agaji. Malamai sun buɗe wannan ƙofa ne don a karɓi alamu inda babu shaidu huɗu, kuma a zamaninsa sauƙi ne. Tsohuwar dokar Ingila ita ma ta so mace ta fito da ihu nan take. Dukansu biyu sun zana tauraruwa guda: wadda ta yi kokawa, ta yage, ta ruga dandali tana kuka. Marubuci ya san irin wannan tauraruwa, ita ce mai sauƙin rubutawa. Yarinyar da aka raina da kunya, aka koya mata kada ta ɗaga murya gaban babba, kada ta kama sunan al'aura ko a gaban uwarta, ba haka take yi ba. Takan sandare. Takan yi shiru mako biyu, sai uwa ta lura ba ta cin abinci. Tarbiyyar da muka yaba mata a gida ita ce ake karanta mata a matsayin alamar ƙarya a kotu. A Ingila, tun daga wani hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2008, an yarda alƙali ya faɗa wa juri cewa jinkirin kai ƙara na iya fitowa daga kunya ko tsoro. Sun cire tsohon umarni, sun sa wani a gurbinsa. Mu mun cire rabin tsohon, gurbin kuwa yana nan wayam.

Da za a tambaye ni abin da ya kamata alƙalin Dutse ya riƙa rubutawa, zan so ya fara da harshe. Ya rubuta kalmar Hausar da shaida ta furta yadda ta furta ta, kafin fassarar tafinta, domin alƙalin ɗaukaka ƙara ya ga "ya ɓata ni" ko "ya yi mini abin banza" ko "ya danne ni" da idonsa. Ya tuna cewa sakaya ita ce hanyar da Bahaushe ke faɗin irin wannan abu, kuma a nemi bayaninta a hankali, a keɓe, ba a gaban cikakken ɗaki ba. Ya tuna cewa wanka da jinkiri da yunƙurin sulhu abubuwa ne da iyali ke yi ko an aikata ko ba a aikata ba, don haka ba su auna kome. Sannan ya juya da irin wannan tsanani ga iƙirarin da aka rubuta a ofishin 'yan sanda da Turanci, aka sa wanda bai iya karatu ba ya dangwala yatsa. Idan bayan haka kokwanto ya rage, ya sallami mutumin, ya kuma faɗi takamaiman abin da ya sa shi kokwanto.

Ranar da na ba da labarinta, lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe ya nemi yarinyar ta fayyace wane irin ɓatawa take nufi. Ta buɗe baki ta rufe. Aka ɗage zama. A waje, ƙarƙashin wata darbejiya, uwarta ta ga littafi a hannuna ta ɗauka ma'aikaci ne ni. Ta ce, "Ɗan nan, me suka ce da Turancin?" Na ce, "Inna, sun ce a dawo wata mai zuwa." Ta kwance bakin zanenta ta ƙirga abin da ya rage, ta tambaye ni inda ake hawa motar Kiyawa.