Hular Faransanci da Ƙugiyar Hausa: Wa Ya Fi Riƙon Amana?

'Yan'uwana ɗalibai, manufar wannan ɗan sharhi ita ce jawo hankalinmu ga wani sakaci da muke yi a rubutun Hausa. Amma bari mu fara leƙa gidan Faransawa tukuna.

A Faransanci akwai wata alama mai kama da malfa da ake ɗora wa wasali. Daga rubutun Girkanci aka aro ta cikin ƙarni na 16. A da, kalmar daji ana rubuta ta forest, asibiti kuwa hospital. Da harafin s ya daina fita a baki, sai ƙamus na hukumar harshensu na 1740 ya cire shi, ya ɗora hula a madadinsa: forêt, hôpital. Wato sau da yawa hular nan shaidar kabari ce kawai ta harafin da ya mutu. Duk da haka, gyaran 1990 da ya yarda a sauke ta daga kan i da u a kalmomi da dama ya jawo ƙazamar muhawara a Faransa a 2016, sa'ad da littattafan makaranta suka bi shi.

To, mu fa? Ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ ba kwalliya ba ce. Sauti ne mai rai. Tun shekarun 1930 aka tsayar da ita a Zariya zamanin R. M. East, a maimakon ɗigo da waƙafin da ake fama da su a da, kuma taron Bamako na 1966 ya amince da ita. Amma ga allunan shaguna da takardun gayyata, har da mujallun ɗalibai, duk an yasar da ita. Wanda ya rubuta "kura ta tashi", dabba yake nufi ko ƙurar da iska ke tayarwa? Baki da baƙi ɗaya ne?

Bahaushe yakan cike giɓin da ka. A nan Zuru kuwa, yaron da ya tashi da C'Lela a gida, ya tarar da Hausa a littafi, abin da ya gani shi zai furta. Mu muka ɓatar da shi.

Daga ƙarshe, in Faransawa sun tsaya wa alamar harafin da ya mutu, mu masu nazarin Hausa ba mu da hujjar wofintar da mai rai. Malamai su rage maki, editoci kuma su mayar da duk rubutun da ya zo babu ƙugiya.