Masu Haɗa Zuri'ar Goggon Biri

Ƙaton namijin goggon biri yakan kai kilo 180, kuma idan ya fusata babu mahaluƙin da zai tsaya a gabansa. Amma a gidajen namun daji da suka san aikinsu, ranar da za a ɗauke shi zuwa wani gari, sau da yawa da ƙafarsa yake shiga akwatin tafiya, ya zauna, ya miƙo leɓe a ba shi ruwan 'ya'yan itace, a rufe ƙofa yana kallo. Wanda ya ga abin ya wakana cikin minti biyu zai ɗauka wasa ne. Aikin watanni ne, kuma kafin watannin akwai lissafin shekaru.

Tun da wuri ake kawo akwatin, a ɗaure shi tamau a bakin ɗakin kwanansa, a bar ƙofa a buɗe. Kwanakin farko ba a ce masa uffan. Zai zo ya shinshina, ya bugi ƙarfen da bayan hannu, ya ja da baya ya zauna yana harara. Sai mai kula da shi ya fara ajiye abin marmari a bakin akwatin, inabi ko gyaɗa, gobe ya ɗan matsa da shi ciki, jibi ya ƙara. Idan ya saba cin abinci a ciki, sai a fara taɓa ƙofar: a ja ta kaɗan a mayar, a rufe na ɗan lokaci a buɗe, a ba shi tukuici. Ranar da ya nuna tsoro, a koma baya a ɗora daga inda ya yarda. Babu tsawa, babu duka, babu horon yunwa. Mai karatu zai ce, ina allurar barci take da za a sha wannan wahala? Dalili shi ne ciwon zuciya ne kan gaba wajen kashe manyan mazan goggon biri a gidajen zu, kuma sa wa mai raunin zuciya maganin barci kasada ce, yana iya kwanciya bai tashi ba. Da irin wannan lallashin ne ma ake koya musu manna ƙirji a jikin raga likita ya duba zuciya da na'ura, ko miƙo hannu a ɗebi jini, idonsu biyu.

To, me ya kawo tafiyar tun farko? Har tsakiyar ƙarni na 20, duk goggon birin da ke gidan zu daga daji aka kamo shi, kuma ba a raba jariri da uwarsa sai an kashe ta, sau da yawa har da uban garken da ya tsaya kare iyalinsa. Ba a taɓa samun haihuwa a hannun mutane ba sai ranar 22 ga Disamba 1956, a gidan zu na Columbus da ke jihar Ohio a Amurka. Wani ɗalibin likitan dabbobi mai aiki a wurin, Warren Thomas, shi ne ya riƙa haɗa namijin da macen a ɓoye, domin shugaban gidan ya hana, yana tsoron kada su ji wa juna rauni. Shi ne kuma ya tarar da jaririyar yashe a ƙasa cikin jakar haihuwa, ya fasa, ya hura mata numfashi baki da baki har ta motsa. Aka raɗa mata suna Colo, ta kuwa yi shekara 60 a duniya. Daga baya, a 1973, ƙasashe suka sa hannu a birnin Washington kan yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta haramta cinikin irin waɗannan dabbobi tsakanin ƙasa da ƙasa. Ƙofar daji ta rufe ke nan. Abin da ke hannu shi ne jarin, in aka bari ya lalace babu inda za a ƙaro.

Nan littafin asali ya shigo. Tun 1967 gidan zu na Frankfurt a Jamus yake riƙe da kundin goggon birran da ke gidajen zu na duniya. Kowanne yana da lamba, da sunan uwa da uba, da ranar haihuwa, da duk gidan da ya taɓa zama, da ranar mutuwa. A 1981 gidajen zu na Amurka suka kafa tsarin haɗa hannu don kiwon dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, na Turai suka kafa nasu a 1985. Ma'anarsa ita ce gidan zu ya daina cewa "nawa ne". Kimanin 350 da ke Arewacin Amurka ana lissafa su a matsayin garke ɗaya da aka rarraba a birane, ana aron su ana bayar da su, ba kuɗi ake sayensu da shi ba.

Mai riƙe da wannan lissafi kamar mai dalilin aure yake, sai dai shi abin da yake bincika a asali daban ne. Yana duba kowace dabba ya auna yawan danginta a cikin garken gaba ɗaya. Wanda kakansa ya haifi 'ya'ya rututu, jininsa ya bazu ko'ina, ba a gaggawar ƙara masa zuri'a. Wanda kuwa jininsa ya yi ƙaranci, ba shi da ƙanne ba shi da 'ya'yan baffa, shi ne ɗan lele, domin in ya mutu bai haihu ba wani kaso na gadon da aka taho da shi daga daji ya tafi har abada. Manufar da aka saba sa wa gaba ita ce a riƙe kashi 90 cikin 100 na wannan gado har tsawon shekara 100. Macen da ba a son ta haihu yanzu ana ba ta ƙwayar tazarar haihuwa irin ta mata, a cikin abinci. Abin gwajin ciki na kanti ma yana aiki a fitsarinta. Cikin nasu wata takwas da rabi ne, jariri bai fi kilo 2 ba, kuma uwa mai shayarwa takan yi wajen shekara huɗu kafin ta sake haihuwa. Dabbar da ke haihuwa a hankali haka, kuskure ɗaya a wajen haɗi sai a yi shekara goma ana biyansa.

Wani lokacin hukuncin yana da ɗaci. A 1991 aka yanke shawarar ɗauke wani namiji mai suna Timmy daga Cleveland zuwa gidan zu na Bronx a New York. A daji aka haife shi, bai taɓa haihuwa ba, wato jininsa babu kamarsa a cikin garken. Matsalar ita ce ya shaƙu da wata mace, Katie, wadda ba ta haihuwa. Mutanen gari suka tashi haiƙan, masu kare haƙƙin dabbobi suka kai ƙara kotun tarayya don a hana raba su. Kotu ta ƙi, aka sa shi a mota aka tafi. A Bronx Timmy ya haifi 'ya'ya 13. Ban ga laifin waɗanda suka tausaya masa ba, shaƙuwar gaskiya ce, rabuwar ma ta yi masa zafi. Amma ina ganin masu lissafin sun yi daidai, kuma ba saɓa wa ɗabi'ar dabbar suka yi ba. A daji ma mace takan bar garken da aka haife ta idan ta balaga ta koma wajen wani namiji, saurayi kuma ya fita neman kafa nasa. Motar da akwatin suna yin abin da ƙafa ke yi a daji ne.

Sai dai takarda tana iya cewa wane ya dace da wance, ba ta iya sa su so juna. Daga nan aiki ya koma hannun masu kula, kuma a nan ne gwanintar ta fi burge ni. Idan za a kai goggon biri sabon gida, mai kula da shi na tsohon gida yakan raka shi, ya yi kwanaki a can, ya gaya wa sababbin abin da yake ci da abin da ke ɓata masa rai. Bayan an killace baƙon, galibi na wata guda, an tabbatar ba ya ɗauke da tarin fuka ko wata cuta, sai a fara gabatarwa daki-daki. Da farko su ji warin juna da muryar juna. Sannan su hangi juna daga nesa. Sannan a kawo su raga ɗaya ta raba su, a zauna a zuba ido. Wa ya matso? Wa ya juya baya? Idan namiji ya sandare ƙafafu, ya tsuke baki, yana tafiya yana kallon gefe, a fusace yake. Idan aka ji wani gurnani mai taushi daga maƙogwaro, mai kama da gyaran murya, hankali ya kwanta. Zawo kwatsam alamar firgita ce.

Ranar buɗe raga, ana buɗe duk ƙofofi ne yadda wadda aka kora za ta sami hanyar zagayawa, kada a ritsa ta a lungu. Ana watsa abinci ko'ina, ana ajiye mesar ruwa a kusa saboda tsaro. Namijin zai bugi ƙirji, ya ruga, ya kai mari, wataƙila har da cizo, domin haka uban garke yake shaida wa kowa matsayinsa. Matan kuma sukan haɗa kai su yi masa ihu su taka masa burki. Sabon ma'aikaci zai so ya raba nan take. Gwani kuwa ya san in ya raba da wuri, gobe daga farko za a sake, in kuma ya yi jinkiri za a yi jini. Sanin wannan tsakanin ba a littafi yake ba, sai wanda ya shekara yana kallonsu. Akwai kuma ƙa'idar da ba a wasa da ita: ba a kawo sabon namiji garken da ke da jariri a nono, saboda yana iya kashe ɗan da ba nasa ba, kamar yadda suke yi a daji.

Haihuwa ma ba ita ce ƙarshen magana ba. Colo mutane ne suka raine ta, da kwalbar madara, har riguna ake sa mata, kuma da ta girma ta haifi uku ba ta raini ko ɗaya ba. An daɗe kafin a gane cewa raino a wurin goggon biri koyo ne: budurwar da ba ta taɓa ganin uwa tana shayarwa ba, ba ta san me za ta yi da abin da ta haifa ba. A Basel ta ƙasar Suwizalan, Goma da aka haifa a 1959 a gidan shugaban zu ɗin ta tashi, amma ƙaninta Jambo, na 1961, uwarsa ce ta raine shi da kanta, karo na farko a gidan zu. Shi ne Jambon da aka kai tsibirin Jersey ya zama uban zuri'a mai yawa, kuma a 1986 ya tsaya gadin wani yaro ɗan shekara biyar da ya faɗo cikin shingensu ya suma.

Yanzu idan uwa ta ƙi ɗanta, ba a mayar da shi ɗan mutum. A Janairun 2013 aka haifi wata jaririya, Gladys, a Brownsville ta jihar Texas, uwarta ta ƙi ta. Aka kai ta Cincinnati, inda akwai tsofaffin uwaye. Ma'aikata suka raba dare da rana a tsakaninsu. Kowa ya zo sai ya sa baƙaƙen kaya da riga mai gashi, ya durƙusa yana rarrafe a kan gwiwa da bayan yatsu, jaririyar tana maƙale a ƙirjinsa, daga baya a gadon bayansa. Suna yi mata gurnanin uwa, in ta yi rashin ji su yi mata gajeren tarin da uwa ke tsawatarwa da shi. Duk wannan a gaban ragar da sauran birran suke, tana ganinsu suna ganinta, ana lura da wace ce ta fi matsowa. Aka kuma koya mata zuwa bakin raga ta sha madara. A watan Yuni aka miƙa ta ga wata gogaggiyar uwa, M'Linzi, ta kuwa karɓe ta. Mutum ya kwashe watanni yana rarrafe da jaririya a baya, burinsa kawai ta daina bukatarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai abin da har yau bai warwaru ba. Maza da mata kusan daidai ake haifarsu, amma garke namiji ɗaya yake ɗauka da mata uku ko huɗu. Ragowar mazan sai a haɗa su garken gwauraye, wanda yake tafiya lafiya suna yara, ya fara tsami idan furfurar baya ta fito musu. Kuma kusan duk na gidajen zu nau'i ɗaya ne, na dazuzzukan ƙasa na yammacin Afirka ta Tsakiya. Namu na Kuros Riba a Najeriya, da ke tsaunukan Afi da Mbe da Okwangwo har zuwa cikin Kamaru, kimanin 300 suka rage ko ƙasa da haka, kuma babu wani gidan zu da ke kiwonsu. Su sai dai a kare musu dajin.

Ƙasarmu ta taɓa shiga wannan labari ta mummunar ƙofa. A Janairun 2002 wasu ƙananan goggon birrai huɗu suka isa gidan zu na Taiping a Maleshiya daga Najeriya, da takardun da ke cewa a gidan zu na Jami'ar Ibadan aka haife su. Masu bincike suka duba, suka tarar a wurin babu namiji da macen da za su haife su. Daga daji aka sato su. Aka karɓe su, aka kai su Pretoria a Afirka ta Kudu a 2004, sai a ƙarshen 2007 aka mayar da su Kamaru, cibiyar Limbe. Ƙaryar "haihuwar gida" ba ta yi tsawon rai ba, saboda a wannan fage kowane jariri na halal yana da uwa da uba a rubuce. Duk wanda aka nuna wa jaririn goggon biri a kasuwa ko a gidan wani mai hali, ya sani ba a gida aka haife shi ba, uwarsa aka kashe. Kada ya saya, kada ya yaba, ya kai rahoto ga jami'an kare namun daji.