Jinjina Ga Masu Ƙidayar Layuka

Duk ma'aikacin da ya taɓa duba takardar albashi a Dutsin-Ma ko Kurfi, ya tarar da sunansa daura da haƙƙinsa, jimilla kuma tana mazauninta, haƙiƙa ya ci moriyar haƙurin waɗansu bayin Allah da bai san su ba. Su ne masu rubuta wa kwamfuta umarni, Allah Ya saka musu da alheri, waɗanda tun da kamfanin IBM ya fito da harshen RPG a 1959 suka riƙa ƙidayar layuka 66 na doguwar takarda mai huji a gefe, domin injin buga takarda ya dakata a layi na 60, ya buɗe sabon shafi, ya maimaita kanu, kada hisabi ya rikice wa akawu.