Kalmar Charge da Masu Fassara

Akwai wata al'ada da ta kama masu koyon Turanci, har ma da waɗansu masu fassara takardun hukuma. Ita ce su ɗauki kalmar Turanci guda, su samo mata ta Hausa guda, su ɗaura musu aure, duk inda waccan ta fito sai a kawo wannan. Hanyar tana da sauƙin hadda, amma ɓarnarta ba kaɗan ba ce. Kalmar charge ta isa misali.

Hausawa sun daɗe da aro wannan kalma, suka mai da ita caji. A bakin 'yan sanda aka fara saninta, watau caji ofis, inda ake rubuta laifin da ake tuhumar mutum da shi. Saboda haka da yawa suka ɗauka ba ta da wata ma'ana sai ta kamu da shari'a. Alhali kuwa Bature yakan faɗe ta a kanti, yana nufin kuɗin da za a biya. Yakan ce wane ne in charge, yana nufin shi ne mai kula da wurin. Takardar da aka rubuta free of charge a kanta ba ta wanke kowa daga laifi ba, cewa ta yi abin kyauta ne. Ga kuma cajin batir da na waya, wanda yara ma sun sani.

Wanda ya ga wannan yakan ce Turanci ba shi da kan gado. Ba haka ba ne. Asalin kalmar daga harshen Rumawa ne, inda carrus ke nufin keken ɗaukar kaya, carricare kuwa ɗora kaya a kan keken. Daga nan ta shiga Faransanci, Ingilishi kuma ya karɓe ta fiye da shekara 700 da suka wuce. Ashe dai ɗora kaya ne tushenta, sauran duk rassa ne. Abin sha'awa, Hausa ma haka take yi. Ana ɗora wa jaki kaya, ana ɗora wa mutum laifi, ana ɗora wa gari haraji, ana ɗora wa hakimi nauyin ƙasa, ba wanda ya taɓa cewa Hausa ta rikice. Albarushin da maharbi ke ɗura wa bindiga shi ma charge ne ga Bature, daga irin wannan cikawa ne ta batir ta samu sunanta. Wadda ta ɗan yi nisa da tushe ita ce sukuwar mayaƙa a kan abokan gaba, kamar wadda mahayan Ingila 600 da 'yan kai suka yi wa igwogin Rasha a Balakalaba a 1854, wadda Tennyson ya yi wa waƙa. Ko ita ɗin ma, nauyin dawaki ne aka zuba wa mutane.

Inda abin ya fi muni shi ne a kotu. Charge a nan tuhuma ce kawai, magana ce da aka ɗora wa mutum, ba a riga an tabbatar ba. Amma mai fassara in ya yi gaggawa sai ya ce an same shi da laifi. Tsakanin tuhuma da samun laifi kuwa akwai shaidu, akwai kariya, akwai hukuncin alƙali. Mutum yana iya fita da gaskiyarsa bayan wata uku, amma unguwa ta riga ta ji, surukai sun ji, mai ba shi bashi a kasuwa ya janye hannu. Wanda kuma ya tsere wa wahala ya rubuta an caje shi, bai kuɓuta ba, domin a bakin Hausawa caje ta koma binciken aljihu da ɗaki, ma'anar da charge ba ta da ita ko kusa.

Ba a ce kada a ari kalma ba. Caji ta zauna, ba mai korarta, cajin waya ya fi kowace doguwar fassara. Laifin yana ga wanda ya ga kalma bai dubi maƙwabtanta ba, bai tambayi wa ke magana ba, ɗan sanda ne ko mai kanti.

Ƙanwarta discharge ita ma tana bukatar irin wannan hattara. Asalinta sauke kaya, shi ya sa ake faɗinta ga jirgin da ya sauke lodi, da majinyacin da likita ya sallama, da sojan da ya gama aiki. A kotu kuwa sallama kawai take nufi. In alƙali bai haɗa da acquit ba, watau wankewa, ana iya sake kawo mutumin a kan maganar nan. Wanda aka karanta wa takardarsa aka ce masa an wanke shi, alhali sallama kaɗai aka rubuta, zai koma gida ya yi walima, sammaci kuwa yana iya biyo shi.